Stebbing, Baturen Da Ya Ce Hamada Na Tafe

A watan Maris da ya wuce na je wata shukar itatuwa a bayan gari don aikin furojet ɗina. Kwana ɗaya na yi, na dawo na rubuta cewa rabin bishiyoyin sun kama hanyar mutuwa, don na tarar ganyensu ya kaɗe. Malamin da ke duba aikina bai yi faɗa ba. Tambayata kawai ya yi yadda na same su a watan Agusta. Na yi shiru, don ban taɓa zuwa wurin da damina ba. Sai ya ce in je in karanta tarihin wani Bature mai suna Edward Percy Stebbing.

An haifi Stebbing a Ingila a farkon shekarun 1870. Bayan ya yi karatun kula da gandun daji, sai ya kama aiki a Indiya a 1893, lokacin ƙasar tana hannun Turawan Ingila. A can ya ƙware a kan ƙwarin da ke cin itatuwa: masu huda kututture, da masu shiga ƙarƙashin ɓawo, da tsutsotsin da ke cinye ganye. A 1914 ya fitar da babban littafi a kan ƙwarin dazuzzukan Indiya. Daga baya ya zama farfesan ilimin gandun daji a Jami'ar Edinbara, daga 1920 har zuwa 1951. Kun ga ke nan ba ɗan koyo ba ne irina. Mutum ne da ya san ciwon bishiya ciki da waje.

A 1934 ya zo Afirka ta Yamma, ya ratsa arewacin Najeriya da ƙasar Nijar a lokacin rani. Ya ga rairayi, ya ga ciyawa ta bushe, ya ga itatuwa tsirara. Hankalinsa ya tashi. A 1935 ya gabatar da maƙala a Landan cewa Sahara tana gangarowa kudu, kimanin kilomita 1 duk shekara, kuma ya ɗora laifin a kan sassabe da ƙona daji da yawan kiwo. Maganin da ya kawo shi ne a keɓe dogon zirin daji ya zama katanga tsakanin hamada da gonaki.

Maganar ta girgiza gwamnatocin mulkin mallaka, har Ingila da Faransa suka kafa kwamitin haɗin gwiwa na masana daji. Daga ƙarshen 1936 zuwa farkon 1937 kwamitin ya bi yankin kan iyakar Najeriya da Nijar, ciki har da Bafaranshe André Aubréville. Abin da suka gano ya saɓa wa na Stebbing. Yawancin tuddan rairayin tsofaffi ne, tsirrai sun riƙe su, kuma babu alamar hamada tana tahowa gaba ɗaya kamar ambaliya. Amma sun yarda cewa a wurare da dama mutane na lalata daji da hannunsu. Stebbing bai sauka daga ra'ayinsa ba, ya ci gaba da rubutu a kai. Ya rasu a 1960.

To, ina ya yi tuntuɓe? A ganina, zuwa ɗaya ya yi, ya yanke wa shekaru ɗaruruwa hukunci. Mu ai mun san kuka tana zubar da ganye da rani, lafiyarta ƙalau. Gawo kuwa nasa a juye yake: da damina yake kaɗe ganye, da rani ya yi kore shar. Wanda ya zo sau ɗaya ya tafi, dole ɗaya daga cikinsu ta ruɗe shi.

Su ma Turawan sai da suka koyi wannan darasi a gidansu. A farkon shekarun 1980 aka shiga fargaba a Jamus cewa gurɓatacciyar iskar masana'antu tana kashe dazuzzuka. Da yake hayaƙi bai san kan iyaka ba, a 1985 aka kafa shirin ICP Forests a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda yanzu ƙasashe kimanin 40 ke ciki. An tsaga taswira gida-gida, kilomita 16 tsakanin wurin dubawa da na gaba. Duk shekara, a lokaci guda, ma'aikata kan koma kan bishiyoyin da aka sa wa lamba, su kimanta kashi nawa cikin 100 na ganye ya ɓace. Wadda ta rasa fiye da kashi 25 ana lissafa ta cikin masu matsala. Da haka ne ake bambance ɓarnar fari ko ta ƙwari ta shekara ɗaya da ciwon da ya daɗe yana ci.

Ban rubuta wannan don in yi wa Stebbing dariya ba fa. Ya tsoratar da mutane fiye da kima, amma shi ya sa ƙasashe biyu suka fita tare suka duba daji guda. Shawararsa ta zirin itatuwa ma ba ta mutu ba, tunda a 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wanda Najeriya da Nijar ke ciki.

'Yan uwana ɗalibai, gobe wasunmu za su rubuta rahoton da za a dogara da shi a hana manomi gonarsa ko makiyayi burtalinsa. Idan awon bai inganta ba, talaka ne zai sha wahala. Ni dai na yage shafin farko na furojet ɗina. Na sa wa bishiyoyi 40 lamba da fenti, na koma a watan Agusta, kuma na roƙi wata 'yar ajin ƙasa da mu ta ci gaba da duba su baɗi in Allah ya kai mu.