Tarihin Malam Abdullahi Na Gwandu, Da Abin Da Ya Bari A Kan Sha'anin Fili Da Gida

Duk ƙasar Gwandu ba wanda bai san Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ba, Allah ya ji ƙansa. Malamai sun san shi da tafsiri da nahawu, masu ba da labari kuwa sun san shi da Tafkin Kwatto. Amma akwai wani abu nasa da ba a cika faɗa ba, ko da yake shi ya fi shafar aikinmu, mu da muka gaji ofisoshin En'e, da na kotu, da na ofishin hakimi, da masu bin safiyo riƙe da igiyar awo. Abin kuwa shi ne tunanin da ya yi a kan inda mutane za su zauna, da yadda fili ke zama na mutum, da irin filin da ba ya halatta mutum ɗaya ya riƙe. Saboda haka za mu ratsa yaƙe-yaƙe da hanzari, mu daɗe a wurin nan.

An haife shi wajen shekara ta 1766 a ƙasar Gobir. Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya da Shehu Usmanu, Shehu ya girme shi da kamar shekara 12. Ya sauke Alƙur'ani wurin mahaifinsu Muhammadu Fodiyo, sa'an nan aka danƙa shi hannun wansa tun yana ɗan shekara 13, ya zama almajirinsa kuma abokin tafiyarsa cikin yawon wa'azi a Zamfara da Kabi. Ya yi karatu wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru da waɗansu malamai masu yawa, waɗanda ya jera sunayensu cikin littafinsa Ida'un Nusukh. Da jama'a ta zauna a Degel, shi ne babban mataimakin Shehu.

To, a watan Fabrairu na 1804 aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu. Tun daga ran nan jama'a ta zama ba ta da gida. A watan Yuni Malam Abdullahi ya jagoranci runduna a Tafkin Kwatto, aka kori Sarkin Gobir Yunfa. Nasara ce babba, amma nasara ba ta cika rumbu. Mutane sun baro gonakinsu da ɗakunansu, ga mata ga yara ga dabbobi, ana tashi daga wannan zango a sauka wancan. Ƙarshen shekarar aka sha kashi a Tsuntsuwa, mahaddata Alƙur'ani da yawa suka yi shahada. Aka gangara Zamfara aka zauna a Sabon Gari, yunwa ta biyo su can. Daga nan ne Malam Abdullahi ya fito da yaƙi zuwa Kabi, ya ci Birnin Kebbi a watan Afrilu na 1805. Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita, aka naɗa Usmanu Masa. Cin birnin nan shi ya buɗe wa jama'a hanyar komawa Gwandu cikin wannan shekara, wurin da aka ce asalinsa gandun sarakunan Kabi ne, mai fadama da ruwa.

Zaman Gwandu bai zo da sauƙi ba. Kafin shekara ta fita Gobirawa da Abzinawa da Kabawa suka haɗu, Usmanu Masa ya juya, aka karya rundunar jama'a a Alwasa, abokan gaba suka biyo su har bakin gari, garin kuwa ko ganuwa ba shi da ita. Allah ya kiyaye, aka mai da su. Bayan wannan ne, a 1806, aka kewaye Gwandu da ganuwa. Wanda ya yi shekara biyu yana kwana a bukkar kara, yana ganin dubban mutane suna neman inda za su kafa darni, ba sai an gaya masa darajar fili ba.

Da ƙafa ta fara kama ƙasa, sai wani ciwo ya fito wanda ya fi masa yunwa zafi. Ya ga abokansa na farko sun ƙare a fagen fama, waɗanda suka biyo baya kuwa da yawansu hankalinsu ya koma ga sarauta da dawakai da riguna da tara dukiya. Ransa ya ɓaci ƙwarai, har a 1807 ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar aikin Hajji, kamar yadda ya ba da labari da kansa cikin Tazyinul Waraƙat. Da ya isa Kano mutanenta suka tsai da shi, suka roƙe shi ya rubuta musu abin da za su yi mulki da shi. Ya rubuta Liya'ul Hukkam, ya karantar da tafsiri, sa'an nan ya juyo gida. Bayan an ci Alkalawa a 1808, Shehu ya koma Sifawa, Muhammadu Bello ya gina Sakkwato, shi kuwa Malam Abdullahi ya zauna a Boɗinga. A 1812 Shehu ya raba musu aiki, gabas ga Bello, yamma ga Abdullahi.

Yanzu ga shi da ƙasa a hannu, ga garuruwa da yaƙi ya watsa sun zama kufai, ga baƙi suna ta zuwa kowa yana son wurin zama. Cikin littattafansa masu yawa akwai wani ɗan ƙarami, Ta'alimur Radi, wanda ya keɓe don wannan magana kaɗai, wato hanyoyin da mutum ke samun iko da ƙasar da ba ta da mai ita. Bai ƙago hukunci daga kansa ba. Ya tattaro abin da malaman mazhabar Malikiyya suka tabbatar, ya taƙaita shi yadda alkalin ƙauye zai iya ɗauka. Hanyoyin huɗu ne: raya ƙasa, da hurumi, da yankan da shugaba ke yi wa mutum, da keɓewar da shugaba ke yi don amfanin jama'a.

Raya ƙasa ita ce tushe. A wannan shari'a mutum yana raya wuri in ya yi gini a kansa, ko ya dasa itatuwa, ko ya nome shi, ko ya sare dajinsa, ko ya fito da ruwa inda babu, ko ya janye ruwa inda ya kwanta, ko ya farfasa duwatsunsa ya baje. Duk waɗannan aikin gumi ne. Amma kewaye wuri da shinge kawai ba raya shi ba ne, haka kiwo a cikinsa. Wanda ya kafa turaku kusurwa huɗu ya tafi abinsa bai mallaki kome ba tukuna. Har wa yau, wanda ya sami wuri ta hanyar rayawa, in ya bar shi ya rushe ya koma yadda yake da, aka daɗe, wani ya zo ya raya shi, to ya zama na biyun. Wanda ya saya da kuɗinsa ko ya gada daga wanda ya saya, hukuncinsa dabam ne, nasa ba ya faɗuwa da rushewar gini. Wannan bambanci yana da kyau magatakardan kotu ya riƙe shi, don sau da yawa ƙarar kufai a kansa take juyawa, kuma tambayar farko da ya kamata a yi wa mai ƙara ita ce, ta wace hanya wurin ya shigo hannun kakansa.

Sa'an nan ba ko'ina ne mutum ke tashi ya raya da ganin damarsa ba. In wurin yana can nesa cikin daji, ba ya bukatar izni. In kuwa yana kusa da gari, inda mutane za su yi rububinsa, sai da iznin shugaba, shugaba kuma ya duba ko zai cuci mutanen gari. Wanda ya yi gini ba izni, shugaba yana da zaɓi ya bar masa ko ya tashe shi. Ga asalin abin da yau muke kira tsarin gari, tun ba a san takardar fegi ba.

Hurumi kuwa, kalmar da kowane dagaci ya sani, shi ne abin da ke kewaye da wuri wanda amfanin wurin ba ya cika sai da shi. Hurumin gari shi ne inda mutanensa ke yin itace da inda dabbobinsu ke kiwo, gwargwadon abin da za a fita da safe a komo kafin dare. Hurumin rijiya shi ne abin da zai ishi masu ɗiban ruwa da masu shayarwa ba tare da ƙunci ba, kuma ba a yin abin da zai ɓata ruwanta. Gida ma yana da nasa, wato inda indararo ke zuba da inda ake zub da ƙasa da shara. In gida yana tsakiyar gidaje, filin da ke tsakaninsu na kowa ne, kowa ya amfana ba tare da ya cuci maƙwabci ba. Ƙasar noma da aka ci da yaƙi kuma, shugaba ba ya mallaka wa mutum ita, sai dai ya ba shi ya ci amfaninta, don ta jama'ar Musulmi ce, da na yanzu da masu zuwa. A ganina wannan hukunci na ƙarshe ya fi sauran nauyi a wurin Malam Abdullahi, domin shi ne ke ɗaure hannun mai iko, kuma mun ga abin da ya fitar da shi daga runduna a 1807.

Dokoki sun sake sau da yawa tun daga lokacin. Turawa sun kafa dokar ƙasa ta Arewa a 1910, wadda ta sa ƙasa a hannun Gwamna don amfanin 'yan ƙasa. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata a 1962. A 1976 aka rushe tsarin En'e aka kawo ƙananan hukumomi, a 1978 kuma aka yi dokar amfani da ƙasa ta Nijeriya duka, wadda ta danƙa filin birni ga gwamnan jiha, na karkara kuwa ƙaramar hukuma ke ba da iznin zama a kansa. Dokar nan ta 1978 har ta ƙayyade cewa wanda ta tarar yana riƙe da filin birni da bai gina ba, rabin hekta kaɗai zai ci gaba da riƙewa. Masu rubuta ta ba daga Ta'alimur Radi suka ɗauko ba, amma ciwon da suka so magancewa shi ne dai wancan, wato shinge ba gini.

Birnin Kebbi, da Malam Abdullahi ya shiga da yaƙi, ya zama mazaunin Sarkin Gwandu bayan zuwan Turawa, fadar kuma sunansa take ɗauke da shi. Kabawa suka tsaya a Argungu da sarautarsu. A watan Agusta na 1991 aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato, birnin ya zama hedkwata, ma'aikata suka kwararo daga Sakkwato kowa yana neman ɗaki. Gari ba shi da ikon faɗaɗa ta wajen fadamar gulbi, don ruwa na cin ta, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2020, kuma ita ce rumbun shinkafa. Dole ya miƙe ta kan tudu. Haka aka yi gidajen Gesse, haka kuma Gwadangaji, da ke zaman kanta da gonakinta a gefe, ta wayi gari sakatariyar jiha tana cikinta. Gona ta zama fegi, fegi ya zama haja. Wanda duk ya zaga bayan gari zai ga filaye an ja musu katanga ba ɗaki ko ɗaya a ciki, mai shi yana jiran tsada, ƙaramin ma'aikaci da ɗan garin da aka haifa a wurin suna zuba kuɗin haya. Ya kuma ga inda aka yanka burtali, ko kududdufin da ruwan unguwa ke taruwa, aka sayar, damina ta zo ruwa ya rasa hanya ya shiga ɗakunan mutane. Na farko shinge ne da ba rayawa, na biyu cin hurumi ne. Hukumar raya birane ta jiha, KUDA, tana da nata aiki, amma kafin takarda ta kai gare ta, mai unguwa da dagaci da malamin hakimi sun riga sun sa hannu a kan cinikin. Su suka san inda burtali yake tun da, ko da taswira ba ta nuna shi ba.

Mu koma ga Malam. Shehu ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu na 1817. Malam Abdullahi ya taso daga Boɗinga, ya tarar an riga an yi wa Muhammadu Bello mubaya'a, ƙofar gari kuwa a rufe. Ya juya bai ta da fitina ba, ya koma Gwandu. Zukata suka yi sanyi tsakaninsu har 'yan shekaru, sai da mutanen Kalambaina suka yi tawaye suka matsa masa, Bello ya taho da runduna ya taimake shi, aka ci garin. A nan suka sadu, Abdullahi ya yi wa ɗan wansa mubaya'a, Bello kuwa ya girmama shi girmamawar ɗa ga uba. Daga nan ya sakar wa ɗansa Muhammadu Wani da Buhari ɗan Shehu yawancin harkar mulki, ya koma ga karantarwa da rubutu, abin da dama ransa ya fi so. Babban tafsirinsa, Liya'ut Ta'awil, har yanzu ana karanta shi a zaurukan malamai.

Ya rasu a Gwandu a 1829, yana da shekara sittin da 'yan kai, kabarinsa yana can ana ziyara. Muhammadu Wani ya gaje shi, bayansa Halilu ya hau a 1833. A zamanin Halilu ne Alkalin Gwandu Idrisa ɗan Halidu ya tara wa alkalai littafi na mas'alolin da suka fi yawan zuwa gabansu, a ciki har da na maƙwabta: katangar tsakani, da tagar da ke leƙa gidan wani, da hayaƙi da wari, da ruwan indararo, da mai cin hanya da gini.