Tarihin Alexander Langer, ɗan bakin iyaka da ya kai kukan muhalli majalisar Turai

A wannan fitowa, filinmu na tarihin mashahuran mutane zai leƙa ƙasar Italiya, domin kawo muku rayuwar wani ɗan siyasa da ya rasu tun shekara ta 1995, mai suna Alexander Langer. Wataƙila wani ya ce, me ya haɗa mutumin Gaya da Baturen da ya rayu cikin duwatsu masu ƙanƙara? Amsar ita ce, shi ma ɗan bakin iyaka ne kamar mu. Ya tashi a garin da ake jin harshe fiye da ɗaya a kasuwa, kamar yadda a nan ake jin Dandanci da Zabarmanci da Hausa da Fulatanci, kuma ya ƙare rayuwarsa yana wakilci a majalisar dokokin Tarayyar Turai, inda ya yi ta nuna cewa kare ƙasa da ruwa da itatuwa ba ya yiwuwa in babu zaman lafiya tsakanin maƙwabta.

Asalinsa da tasowarsa

An haifi Langer ranar 22 ga watan Fabrairu na 1946 a wani ƙaramin gari mai suna biyu: masu jin Jamusanci na kiransa Sterzing, masu jin Italiyanci kuma Vipiteno. Garin yana cikin yankin Tirol ta Kudu, dab da iyakar Italiya da Ostiriya. Da can yankin na Ostiriya ne, sai bayan yaƙin duniya na ɗaya aka ba Italiya shi a yarjejeniyar 1919, alhali galibin mazauna wurin Jamusanci suke yi. Zamanin mulkin Mussolini an hana koyar da Jamusanci a lakwal, aka canza sunayen garuruwa, aka kwaso ma'aikata daga kudu aka zaunar. Wannan ya bar ƙulli a zukata, har ta kai a cikin dare guda na watan Yunin 1961 masu neman ɓallewa suka tarwatsa turakun wutar lantarki 37 da nakiya.

Mahaifinsa likita ne, Bayahude ɗan asalin birnin Biyana, wanda ya sha gudun ɓuya a lokacin yaƙin duniya na biyu. Mahaifiyarsa kuwa ƴar gari ce, Kirista, mai aikin haɗa magunguna. Ka ga ke nan tun daga cikin gida yaron ya san cewa mutum na iya zama na ɓangare biyu ba tare da ya ci amanar ko ɗaya ba. Ya yi sakandare a Bolzano, babban birnin yankin, sannan ya karanta shari'a a jami'ar Florence, ya ƙara da ilimin zamantakewa a Trento. A 1967 shi da abokansa suka kafa wata mujalla da suka raɗa wa suna Gada, kuma sunan nan ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa, domin mutane sun riƙa yi masa laƙabi da mai gina gadoji. Ya yi koyarwa, ya yi aikin jarida, ya yi tafinta tsakanin Jamusanci da Italiyanci.

Ranar da ya ƙi shiga keji

A 1972 gwamnatin Italiya ta ba yankin ƴancin gudanar da harkokinsa, aka kuma tsara cewa za a riƙa raba ayyukan gwamnati da gidaje gwargwadon yawan masu kowane harshe: Jamusanci, Italiyanci, da wani ƙaramin harshe da ake kira Ladin. Tsarin ya kwantar da tarzoma, to sai dai a ƙidayar 1981 an wajabta wa kowa ya rubuta sunansa ƙarƙashin rukuni guda. Langer, wanda tun 1978 yake ɗan majalisar yankin, ya ƙi. A ganinsa wannan tamkar zuba mutane cikin keji ne, kuma bai ga inda za a saka yaron da uwarsa ke wannan rukuni ubansa ke wancan ba. Ya sake ƙi a ƙidayar 1991. Abin bai tafi a banza ba, domin a 1995 da ya nemi tsayawa takarar magajin garin Bolzano, an hana shi saboda ba ya cikin kowane rukuni.

Shigarsa majalisar Turai

A shekarun 1980 ne jam'iyyun kare muhalli, waɗanda ake kira masu koren tuta, suka fara ƙarfi a Turai, musamman bayan hatsarin tashar nukiliya ta Chernobyl a 1986. Langer na cikin waɗanda suka assasa wannan tafiya a Italiya. A zaɓen 1989 ya samu kujera a majalisar Turai, aka sake zaɓensa a 1994.

Bari mu ɗan yi wa mai karatu bayanin wannan majalisa. Tana zamanta ne a Strasbourg ta Faransa da kuma Brussels ta Beljiyam, kuma tun 1979 talakawan ƙasashen ne ke zaɓen wakilanta kai tsaye da ƙuri'arsu. A cikin zauren, depitoci ba sa zama ƙasa ƙasa. Suna zama ne bisa aƙida, wato Bafaranshe da Bajamushe masu ra'ayi ɗaya kujerunsu na jere. A 1989 kujerun 518 ne, masu kare muhalli kuwa ba su wuce kimanin 30 ba. A karon farko suka kafa rukuninsu na kansu, kuma Langer ya zama ɗaya daga cikin shugabanninsa biyu na farko, tare da wata ƴar Fotugal, Maria Santos. A 1994 ya sake riƙe wannan muƙami tare da Claudia Roth ta Jamus.

Mutum 30 cikin 518 ba sa cin ƙuri'a su kaɗai. Saboda haka aikin ɗan ƙaramin rukuni shi ne bin ofis ofis, lallashin abokan hamayya, shigar da gyara cikin daftarin doka, da kuma buɗe ƙofar majalisa ga waɗanda ba su da murya. A nan ne harsunan da Langer ke ji da haƙurinsa na sauraro suka yi masa rana. An kuma san shi da wallafa lissafin abin da ya shigo hannunsa da abin da ya kashe, a daidai lokacin da badaƙalar cin hanci ta dabaibaye manyan jam'iyyun Italiya.

Wa ke bin wani bashi?

Tun kafin ya shiga majalisar, a 1988, Langer da abokansa sun ƙaddamar da wani gangami da suka kira na Arewa da Kudu, wanda ya haɗa batun muhalli da bashin da ya danne ƙasashe matalauta. Hujjarsu mai sauƙi ce: ƙasar da aka matsa wa ta biya bashi dole ta sare dazuzzukanta, ta haƙe ma'adinanta, ta sayar da araha. Su kuwa ƙasashe masu arziki, da suka gina masana'antunsu da albarkatun wasu, suka kuma cika sararin samaniya da hayaƙi, akwai bashin muhalli a wuyansu da ba a taɓa rubutawa a littafin banki ba. A wannan shekarar ce ma asiri ya tonu cewa an jibge sama da tan 3,000 na shara mai guba daga Italiya a garin Koko na kudancin Najeriya, abin da ya tilasta aka kwashe ta aka maida inda ta fito, ya kuma share fagen yarjejeniyar Bamako ta 1991 da ta haramta shigo da irin wannan shara Afirka.

Gangamin bai tsaya ga jawabi ba. Sun bincika suka gano cewa kamfanin man fetur na gwamnatin Italiya ya mallaki wata ƙatuwar gona a Brazil, a kan ƙasar da aka kori ƙabilar Xavante a shekarun 1960. Suka yi ta matsa lamba har shugaban kamfanin ya yi alkawarin maida ƙasar a lokacin babban taron muhalli na Rio a 1992, taron da Langer ya halarta. Kafin a fitar da waɗanda suka mamaye filin sai da aka kai 2012 zuwa 2013, shekaru da dama bayan rasuwarsa.

Wani fagen da ya yi fice shi ne na mallakar halittu. An kawo wa majalisar daftarin dokar da za ta ba kamfanoni damar yin rajistar mallaka a kan ƙwayoyin halitta da aka sarrafa, na tsiro da dabba har da na jikin ɗan Adam. Manomin da ya saba ajiye irin gero ko na dawa daga bana zuwa baɗi zai fahimci abin da ke cikin wannan magana. Langer na sahun gaba wajen adawa, kuma ranar 1 ga Maris na 1995 majalisar ta yi watsi da daftarin da ƙuri'a 240 a kan 188. A 1998 an dawo da shi da gyare-gyare ya wuce, amma ƙaramin rukuni ya nuna cewa yana iya taka wa manya birki.

Akwai wata fahimta tasa da ta dace da mu. Yana ganin ba a kare muhalli da tsoratarwa ko da tara kaɗai. Sai ranar da jama'a da kansu suka ga amfaninsu a ciki, suka so abin. A maimakon tseren sauri da girma da ƙarfi, ya yi kira da a koma ga tafiya sannu, da zurfin tunani, da sassauci. Duk wanda ya san tarihin giginyar Dallol Mauri a nan yankin Gaya ya san gaskiyar wannan: ma'aikacin gandun daji shi kaɗai bai iya tsare kurmi, sai da aka sa mutanen ƙauyuka cikin kula da giginya da cin moriyarta.

Yaƙin Bosniya

Daga 1991 aka ɗora masa shugabancin tawagar majalisar mai hulɗa da Albaniya da Bulgeriya da Romaniya. A daidai lokacin ne Yugoslabiya ta fara wargajewa, maƙwabtan da suka yi shekaru suna auratayya suka koma yanka juna da sunan ƙabila da addini. Abin da ya ji wa tsoro a garinsu shi ne ya auku a can. Ya yi ta zirga-zirga zuwa yankin, kuma a 1992 yana cikin waɗanda suka kafa dandalin Verona, inda Sabiyawa da Kuroshiyawa da Musulmin Bosniya masu ƙin yaƙi ke haɗuwa su yi magana. Ya kuma kawo shawarar Turai ta kafa rundunar farar hula ta masu sasanci, da za a tura wuri kafin a fara harbi.

Ranar 25 ga Mayu na 1995 aka harba makami kan dandalin da matasa ke taruwa a birnin Tuzla, mutum 71 suka mutu. Langer, wanda duk rayuwarsa mai ƙin ɗaukar makami ne, ya kai ga matsayin cewa dole duniya ta sa ƙarfi ta tsaida kisan, abin da ya jawo masa suka daga wasu abokan tafiyarsa. Ranar 26 ga Yuni ya jagoranci tawaga zuwa birnin Cannes, inda shugabannin Turai ke taro, suka gana da shugaban Faransa Jacques Chirac suna roƙon a ceci Sarayebo. Ba su samu abin da suka je nema ba.

Rasuwarsa

Mako guda bayan haka, ranar 3 ga Yuli na 1995, Langer ya kashe kansa a wajen birnin Florence, yana da shekara 49. A ƴan takardun da ya bari ya nuna cewa nauyin ya fi ƙarfinsa, ya kuma roƙi abokansa da su ci gaba da aikin gaskiya. An binne shi kusa da iyayensa a wani ƙauye dab da garin haihuwarsa. Kwana takwas bayan rasuwarsa garin Srebrenica ya faɗi, aka kashe Musulmi maza da yara kimanin 8,000. Wannan ƙarshe abin baƙin ciki ne, ba abin koyi ba, kuma tunatarwa ce cewa mai ɗaukar kayan jama'a shi ma yana bukatar wanda zai tambaye shi lafiyarsa, ya kama masa. Tun 1997 ake ba da wata lambar yabo da sunansa. Ta farko ta tafi ga Khalida Messaoudi ta Aljeriya, ta 1998 kuma ga wasu mata biyu ƴan Ruwanda.

Abin da ya rage mana

Mu a Gaya, kogin Isa da muke sha ba ya tsayawa a duwan. Ruwan da ya wuce gabanmu shi ne na Malanville, shi ne kuma ke gangarawa jihar Kebbi. Gandun dajin W na ƙasa uku ne, Nijar da Benin da Burkina Faso, kuma giwa ba ta neman biza. Hukumar kula da kogin, mai ƙasashe 9 da cibiya a Yamai, tana nan tun 1980. Mun ga yadda aka warware rikicin tsibirin Lete a kotun duniya a 2005 ba tare da yaƙi ba, mun kuma ga yadda rufe gada a 2023 ya taɓa tukunyar kowane gida a gaɓa biyun.

Afirka ma tana da irin waɗannan majalisu: ta CEDEAO da ta fara zama a 2000, wadda Nijar ta bari da ficewarta daga ƙungiyar a Janairun 2025, da ta Tarayyar Afirka da aka buɗe a 2004. Bambancin shi ne wakilansu daga majalisun ƙasa ake turo su, ba talaka ke zaɓensu kai tsaye ba, shi ya sa da wuya ka ji wanda ya san sunan mai wakiltarsa a can. Duk majalisar da za a tura ɗanmu gobe, haƙƙinmu ne mu tambaye shi abin da ya faɗa a kan yashin da ke cike kogi, da kifin da ke raguwa, da rikicin manoma da makiyaya da ke tsallaka iyaka. Langer bai taɓa zama minista ba, amma ya nuna cewa kujerar wakilci tana yin nauyi ne gwargwadon wanda ya zauna a kanta.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.