Shaihu Ibn Abi Zaid, mai Risala, da hukuncin wanda hankalinsa ya gushe

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ƴan uwa musulmi, da wuya a samu zauren karatu a Maradi ko Damagaram ko Tawa wanda ba a biya Risala a cikinsa. Sai dai da yawanmu mun san littafin, ba mu san mai shi ba.

Shi ne Abu Muhammad Abdullahi ɗan Abu Zaid. An haife shi a Ƙairawan, cikin ƙasar Tunisiya ta yau, a shekara ta 310 bayan hijira (922). Ya tashi a zamanin mulkin Fatimiyyawa, lokacin da malaman Malikiyya ke cikin ƙunci. Ya yi karatu wurin Abubakar ɗan Labbad da wasu manyan malaman garin, har aka yi masa laƙabi da Malik ƙarami. Ya shahara da tsantseni da kyauta, yana ciyar da ɗalibai da baƙi daga dukiyarsa. Ya wallafa Annawadir wazziyadat, ya kuma taƙaita Mudawwana. Ita Risala, an ruwaito cewa ya rubuta ta yana ɗan shekara 17, bisa roƙon Muhriz ɗan Khalaf, domin a karantar da yara.

A cikin wannan littafi na yara ne ya zo da hukuncin da manya da dama suka jahilta. A babin jinane da haddodi ya bayyana cewa idan mahaukaci ya kashe mutum ba a yi masa ƙisasi, diyya ce ke hawa kan danginsa na wajen uba, waɗanda ake kira aƙila. Wanda kuwa ya bugu da giya ya yi kisa, ana kashe shi, domin shi ya gusar da hankalinsa da hannunsa. Shaihu ya bi sawun Muwaɗɗa ne, inda Imamu Malik ya kawo cewa Marwan, gwamnan Madina, ya tambayi Mu'awiya game da waɗannan biyun, ya umarce shi da ya tsare mahaukacin kada ya kashe shi, mashayin kuwa a zartar masa da ƙisasi. Asalin wannan shi ne hadisin da ya nuna an ɗauke alƙalami daga mutum uku: mai barci, da yaro, da mahaukaci har ya warke.

Mu lura da adalcin da ke nan. An ɗauke zunubi da uƙuba daga marar lafiya, amma jinin wanda aka kashe bai tafi a banza ba. Diyyarsa raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000, dangi na biya cikin shekara 3. In kuma ya ɓarnata dukiyar wani, malamanmu sun ce a biya daga dukiyarsa. Wanda ciwon ke zo masa yana tafiya, ana duba halin da yake ciki lokacin da ya aikata. Haka wanda ya suma: Shaihu ya ambaci cewa ba ya rama sallar da lokacinta ya fita yana cikin suma.

To, ina muke da wannan karatu? Muna ganin jama'a sun taru a kasuwa suna dukan mai taɓin hankali saboda ya fasa tulu ko ya jefi wani, yara na binsa da duwatsu, danginsa sun kau da kai. Shari'ar da ta ɗora wa dangi diyya tana nuna mana cewa nauyinsa yana wuyansu tun kafin ɓarna ta auku: su ciyar da shi, su tufatar da shi, su kai shi asibiti, su kiyaye mutane daga cutarwarsa ba tare da azabtar da shi ba. Tantance lafiyar hankalinsa aikin likita ne, hukunci kuma na alƙali ne, ba na taron kasuwa ba.

Shaihu ya rasu a Ƙairawan a shekara ta 386 bayan hijira (996), kuma a nan aka binne shi. Allah Ya jiƙansa, Ya amfane mu da iliminsa, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kiyaye mana hankulanmu. Amin.