Kosimo de Medici, attajirin da kuɗinsa suka hana shi barci

A wannan mako za mu leƙa birnin Fulorans na ƙasar Italiya, mu ji tarihin wani ɗan kasuwa da ya rayu tsakanin tsoron lahira da son duniya.

An haifi Kosimo de Medici a shekarar 1389. Kafin nan, a 1348, annoba ta ci kusan rabin mutanen garin. Turawan wancan zamani sun taso suna jin wa'azi iri ɗaya: duniya gidan wahala ce, mutum turɓaya ne mai zunubi, mai tara dukiya kuwa da wuta yake wasa. Coci ta haramta kuɗin ruwa, har wanda ya shahara da cin su, in ya mutu bai tuba ba, ana hana shi jana'iza.

Ga shi kuma sana'ar gidansu juya kuɗi ce. Mahaifinsa ya kafa banki a 1397, da ya rasu a 1429 Kosimo ya gaje shi. A zamaninsa bankin yana da rassa a Roma da Beniz da Jeneba da Landan, kuma su ke riƙe da kuɗin Paparoma. To, ta ina suke cin riba? Ta takardar canji. Ɗan kasuwa zai karɓi kuɗin Fulorans yau, ya biya a Landan bayan wata uku da kuɗin Ingila. Ribar tana ɓoye cikin farashin canjin. Da yake farashin yana hawa yana sauka, kuma mai banki yana iya faɗuwa, yawancin malaman coci suka ce wannan ciniki ne, ba bashi da ruwa ba.

Mai arziki ba ya rasa maƙiyi. A 1433 manyan garin suka kama shi, suka kulle, sannan suka kore shi na shekara 10. Shekara ɗaya kawai ya yi a waje aka kira shi ya dawo. Daga 1434 shi ke juya Fulorans ba tare da rawani ba, tsawon shekara 30. Bai yafe ba: waɗanda suka kore shi su ma ya sa an kore su, wasu kuma aka karya su da haraji.

Amma zuciyarsa ba ta kwanta ba. Wani mai sayar da littattafai da ya san shi, Bespasiyano, ya rubuta cewa Kosimo ya kai kukansa ga Paparoma Ujen na 4 kan dukiyar da bai tabbatar da halaccinta ba. Paparoma ya ba shi shawara ya sake gina San Marko, gidan masu zuhudu. Ya gina, har ya keɓe wa kansa ɗaki a ciki inda yake zuwa yin addu'a.

A nan ne sabon zamani ya nuna kansa. Attajiran da, gina wurin ibada suke yi su tsaya. Kosimo ya ƙara da ɗakin karatu, wanda aka buɗe a 1444, kowane mai neman ilimi yana iya shiga. A ciki akwai littattafan addini, akwai kuma na Girkawa da Romawan da suka rayu kafin Annabi Isa. Lokacin da hannu ake kwafar littafi. Domin wani ɗakin karatun ya biya marubuta 45, suka kwafe littafi 200 cikin wata 22. Ya ɗauki nauyin masu gini da masu sassaƙa irin su Donatelo, ya kuma ba wani matashi, Marsiliyo Ficino, gida domin ya fassara littattafan Aflatun.

Masanan da ke cin tuwonsa ba su bar addini ba. Abin da suka ce shi ne: Allah ya ba mutum hankali da hannu, don haka karatu da sana'a da gyara gari su ma hanyar godiya ce, dukiya kuma tana da daraja in jama'a sun amfana da ita. Wannan tunani ne Turawa suke kira zamanin farfaɗowa. Sai dai darajar ɗan Adam da ake ta yabo ba ta kai ga kowa ba: Kosimo kansa yana da baiwa da aka saya, har ta haifa masa ɗa.

Ya rasu ranar 1 ga watan Agusta 1464. Garin ya sa aka rubuta a kabarinsa cewa shi uban ƙasa ne. Bankin ya ruguje a 1494, shekara 30 bayansa, amma ginin San Marko yana nan tsaye har yau.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.