Joseph Gomwalk: Gwamnan farko a Jos da aka harbe a 1976

A jerin mutanen da suka hau kujerar gwamna a Jos, babu wanda ya kai na farkonsu daɗewa a kanta ba tare da yankewa ba. Kwamishinan 'yan sanda Joseph Dechi Gomwalk ya shafe shekara takwas da wata biyu yana mulkin Jihar Binuwai-Filato, kuma kafin ya cika shekara guda da sauka aka harbe shi bisa hukuncin kotun soja.

An haifi Gomwalk ranar 13 ga Afrilun 1935 a ƙasar Angas, cikin Ƙaramar Hukumar Kanke ta yanzu. Ya yi karatun sakandare a makarantar mishan ta Gindiri, sannan ya wuce jami'a a Ibadan, inda ya karanci kimiyyar dabbobi. Ya yi aikin gwamnati a tsohuwar Jihar Arewa kafin ya koma rundunar 'yan sanda. Lokacin da Yakubu Gowon ya raba ƙasar zuwa jihohi 12 ranar 27 ga Mayun 1967, sai ya damƙa masa Binuwai-Filato yana da shekara 32. Shi ne ɗaya daga cikin 'yan sanda uku da suka riƙe jihohin Arewa, tare da Audu Baƙo a Kano da Usman Faruk a Arewa maso Yamma.

Jihar da ya karɓa mai faɗi ce, domin ta haɗa ƙasar Filato da Nasarawa da Binuwai na yau, ga kuma yaƙin basasa da ya ɓarke makonni kaɗan bayan naɗa shi. Jos a lokacin garin kuza ne da ya saba jiran umarni daga Kaduna, don haka Gomwalk ya mai da hankali ga kafa cibiyoyin da za su sa garin ya tsaya da ƙafarsa. Da ya nemi Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe reshe a jihar bai samu ba, sai ya juya ga tsohuwar makarantarsa. A Nuwamban 1971 Jami'ar Ibadan ta buɗe reshe a Jos, wanda ya zama Jami'ar Jos a 1975. A 1972 ya kafa jaridar Nigeria Standard da gandun namun daji na Jos. Gidan talabijin ɗin jihar, wanda ake dangantawa da fara watsa hotuna masu launi a Najeriya, shi ma a zamaninsa aka assasa shi.

A wurin 'yan kasuwar garin, daga Katako har Taminus, aikin da ya fi shafar su shi ne babbar kasuwar Jos. Gwamnatinsa ce ta tsara ta, amma ba a kammala ta ba sai tsakiyar shekarun 1980, bayan gwamnoni da dama sun shuɗe. Gobara ta cinye ta a Fabrairun 2002.

Mulkinsa ya fara tangal-tangal a 1974. A shekarar ne Joseph Tarka, jigon siyasar Tibi, ya ajiye muƙaminsa a gwamnatin tarayya kan zargin almundahana. Ba da jimawa ba Aper Aku ya yi rantsuwa a kotu yana tuhumar Gomwalk da irin wannan laifi. Gowon ya fito fili ya wanke shi, lamarin da ya jawo wa gwamnatin suka, musamman ganin cewa shugaban ƙasar da gwamnan duk Angasawa ne. Ranar 29 ga Yulin 1975 sojoji suka kifar da Gowon, aka sauke gwamnoninsa baki ɗaya, Kanar Abdullahi Mohammed ya karɓi Jos. Binciken da gwamnatin Murtala Muhammad ta gudanar ya samu goma daga cikin gwamnoni 12 da laifi, har da Gomwalk.

Ranar 3 ga Fabrairun 1976 aka raba jihar gida biyu, Binuwai da Filato. Kwana goma bayan haka, Laftanar Kanar Buka Suka Dimka ya jagoranci yunƙurin juyin mulkin da aka kashe Murtala a Legas. An kama Gomwalk bisa zargin hannu a ciki, aka yi masa shari'a a asirce, aka harbe shi ranar 15 ga Mayun 1976, rana ɗaya da Dimka. Shekarunsa 41. Gowon, wanda shi ma aka zarga alhali yana Ingila, ya samu afuwa daga Shugaba Shehu Shagari a 1981. Da yake a rufe aka yi shari'ar, har yau ana jayayya a Filato kan girman laifin Gomwalk.

Kujerar da ya bari ba ta zauna lafiya ba. Dan Suleiman da Joshua Anaja sun riƙe ta har 1979, lokacin da aka zaɓi Solomon Lar, wanda sojoji suka tumɓuke a ƙarshen 1983. Gwamnonin soja biyar suka biyo baya kafin Fidelis Tapgun, wanda bai cika shekara biyu ba. An dakatar da Joshua Dariye ƙarƙashin dokar ta-ɓaci a 2004, aka tsige shi a 2006, kotu ta mayar da shi a 2007. Jonah Jang da Simon Lalong ne kaɗai suka yi shekara takwas-takwas a jere, kafin Caleb Mutfwang ya hau a 2023. Sakatariyar da ma'aikatun gwamnatin jihar suke aiki a cikinta a Jos sunan Joseph Gomwalk take ɗauke da shi.