Shaihu Abdullahi ɗan Jasim, Sarkin Katar, da Shari'ar Tsibiran Hawar

A shafin tarihin magabata na bana za mu kai 'yan'uwa mahalarta gaɓar Tekun Fasha, domin mu duba rayuwar wani sarki da ya riƙi talakawansa a cikin tsananin fatara, aka yanke masa hukuncin da ya mutu bai yarda da shi ba, amma bai taɓa tura jirgin yaƙi ko ɗaya a kansa ba. Wannan shi ne Shaihu Abdullahi ɗan Jasim ɗan Muhammadu, na gidan Al Thani, Allah ya jiƙansa.

An haife shi a Doha, a ƙarshen ƙarni na 19. Katar kuwa zirin ƙasa ce da ta kutsa cikin teku, sahara ce mai ƙarancin ruwa, kuma a wancan zamani abincin mutanenta yana ƙarƙashin teku ne. Da bazara maza sukan fita a jiragen katako su yi wata huɗu suna nutso suna tsinto lu'ulu'u. Mahaifinsa Shaihu Jasim shi ne ya haɗa kan ƙabilun ƙasar, shi ne kuma ya karya rundunar Turkawa a yaƙin Wajba a 1893. Da ya rasu a 1913 sai al'amari ya komo hannun Abdullahi. A 1915 ragowar sojan Turkiyya suka bar Doha, a ranar 3 ga Nuwamba 1916 kuma ya sa hannu a yarjejeniya da Ingila: ba zai bayar da ƙasarsa ga kowa ba, ba zai yi hulɗa da wata daula ba sai da yardarsu, su kuwa za su kare shi daga farmakin da zai zo ta teku. A farkon mulkinsa ne ya gayyato malamin nan Shaihu Muhammadu ɗan Mani'u, wanda ya buɗe makarantar Asariyya a Doha, ya shafe kimanin shekara ashirin yana karantarwa a cikinta.

Sa'an nan jarrabawa ta zo. Japanawa suka gano yadda ake rainon lu'ulu'u a cikin kawa, tattalin arzikin duniya kuma ya karye a 1929, sai kasuwar ta mutu, jirage suka zauna a kan yashi suna ruɓewa. A wannan hali ne aka samu man fetur a maƙwabciyarsa Baharain a 1932. Tun daga ranar, duk wani tsiri na dutse ko tudun yashi da ba a damu da shi ba a da ya zama abin tambaya: na wane ne? Shi ma Shaihu Abdullahi ya ba wani kamfanin Ingila izinin haƙar mai a ƙasarsa a watan Mayu 1935.

Tsakanin gidan Al Thani da gidan Al Khalifa masu sarautar Baharain akwai daɗaɗɗiyar jiƙaƙƙa. Kakannin Al Khalifa sun zauna a Zubara, a gaɓar Katar ta arewa maso yamma, daga nan suka ci Baharain a 1783, ba su kuma daina ganin garin a matsayin gadonsu ba. A 1937 rikici ya tashi da ƙabilar Na'im da ke zaune a wajen, waɗanda ke biyayya ga Sarkin Baharain. Shaihu Abdullahi ya fita da mayaƙansa ya rinjaye su, ya kuma gina ganuwar Zubara a 1938. Baharain ta rama da hana fatauci da zirga-zirga tsakanin ƙasashen biyu, ga shi kuwa ta tasharta ce yawancin hatsin Katar ke shigowa. Yunwa ta sa dangi dangi suka yi ƙaura.

To, a tsakiyar wannan ne batun Hawar ya taso. Hawar tarin tsibirai ne da ke manne da gaɓar yammacin Katar, wasunsu ba su kai kilomita 2 daga tudu ba, alhali tsakaninsu da babban tsibirin Baharain kusan kilomita 20 ne. Ba su da rijiya mai kyau. 'Yan ƙabilar Dawasir ne ke zuwa daga Baharain da hunturu, su yi su, su sha ruwan saman da suka tara a matattara, su koma in lokacin nutso ya yi.

Ya kamata mai karatu ya san yadda Ingila ta tsara mulkinta a wannan teku. Akwai Razdan a Bushahar, a gaɓar Farisa, a ƙarƙashinsa kuma akwai wakili a Baharain wanda harkokin Katar ma suke hannunsa, domin babu wani jami'in Ingila da ya zauna a Doha sai 1949. Sarkin Baharain, Shaihu Hamad ɗan Isa, yana da mashawarci Bature mai suna Charles Belgrave, wanda ya san irin takardar da ofisoshin Ingila ke so da irin harshen da ake rubuta ta. Shaihu Abdullahi ba shi da irinsa. A Afrilu 1936 Belgrave ya rubuta cewa Hawar na Baharain ne, a Yuli na shekarar kuma hukumomin Landan suka shaida wa kamfanin mai cewa a ganinsu na wucin gadi haka abin yake. Ba a sanar da Sarkin Katar ba. Ana nan Baharain ta kai 'yan sanda tsibirin, ta gina sansani, ta kafa alamu.

Da labari ya isa gare shi, sai ya rubuta wa wakili Hugh Weightman a ranar 10 ga Mayu 1938 yana kukan an shigar masa ƙasa. Amsar da ta zo ita ce Baharain na da hujja ta zahiri tunda ita ke riƙe da wurin, in yana da da'awa ya kawo ta da shaidu. Ɗaliban fiƙihu a cikinmu za su gane nauyin wannan amsa, domin hujja tana wuyan mai da'awa ne, wanda abu ke hannunsa kuwa hauzinsa na yi masa magana. Da wannan takarda ɗaya aka mayar da shi mai ƙara a kan abin da yake gani nasa ne. A ranar 27 ga Mayu ya aika da da'awarsa, yana mai bayyana cewa ya dogara ga adalcin gwamnatin Ingila.

Hujjarsa mafi girma ita ce kusanci: tsibiran ɓangare ne na jikin Katar, duk mai ido yana iya gani. Baharain kuwa ta zo da abin da ake iya ƙirgawa, wato ƙauyuka biyu na Dawasir, da maƙabartu, da matattarar ruwa, da tarkunan kifi, da shari'o'in mutanen Hawar da alƙalan Baharain suka taɓa yankewa. Wani bayani na farko da ta gabatar ma ba a nuna wa Katar shi ba. Ya mayar da martani a ranar 30 ga Maris 1939, Weightman ya rubuta rahotonsa a Afrilu, a ranar 11 ga Yuli 1939 kuma Razdan Trenchard Fowle ya aika wa sarakunan biyu cewa Hawar na Baharain ne. Takardar ba ta ambaci dalili ba.

Adalci ne a faɗi cewa shaidun Baharain ba na banza ba ne, kusanci kaɗai kuma bai cika tabbatar da mallaka ba. Amma adalci ne kuma a faɗi cewa mai binciken a garin abokin shari'a yake zaune, gwamnatinsa kuma ta riga ta karkata kusan shekara biyu kafin a saurari ɗaya ɓangaren. Charles Prior, wanda ya gaji Fowle, ya rubuta a takardun ofis cewa an zalunci Sarkin Katar, sai dai abin bai kai ga warware hukuncin ba.

Shaihu Abdullahi ya rubuta ƙin amincewarsa a ranar 4 ga Agusta 1939. Aka amsa masa a Satumba cewa magana ta ƙare. Ya sake rubutawa a Nuwamba, ya kuma sake a Yuni 1940. Iyakar makaminsa ke nan. Watanni kaɗan bayan hukuncin aka samu mai a Duhan, daura da Hawar, amma Yaƙin Duniya na Biyu ya sa aka toshe rijiyoyin a 1942, talauci ya ƙara tsananta. A Disamba 1947 Ingila ta ja iyakar ƙarƙashin teku, ta bar masa ƙaramin tsibirin Janan, ta tabbatar wa Baharain sauran.

A 1948 ɗansa Hamad, wanda ya naɗa magaji kuma yake jingina da shi a harkokin mulki, ya riga shi rasuwa. A Agusta 1949 ya sauka ya miƙa sarauta ga ɗansa Aliyu, a Disamba na shekarar kuma jirgin farko na man Katar ya tashi. Ya rasu a ranar 25 ga Afrilu 1957, cikin goman ƙarshe na watan Azumin 1376.

Shari'ar ta rayu bayansa. A 1991 Katar ta kai ta Kotun Duniya da ke Hague, wadda ta yanke hukunci a ranar 16 ga Maris 2001. Kotun ta ce abin da aka yi a 1939 bai cika sharuɗɗan sulhun alƙalai na dokar ƙasa da ƙasa ba, amma duk da haka ya hau kan ƙasashen biyu, saboda sarakunansu sun yarda Ingila ta raba gardamar, shaidar yardar Katar kuwa ita ce wasiƙun nan biyu na Mayu 1938. Da rinjayen alƙalai 12 a kan 5 aka bar wa Baharain Hawar, aka tabbatar wa Katar Zubara da Janan. Waɗanda suka karɓi wannan hukunci su ne Hamad ɗan Khalifa, tattaɓa-kunnen Shaihu Abdullahi, da Hamad ɗan Isa, tattaɓa-kunnen abokin shari'arsa. Allah ya gafarta wa magabatan duka biyu.