Sarkin Haɗeja Sambo da Ƙaurarsa Daga Rinde Zuwa Birni

In ana zancen sarakunan Haɗeja na ƙarni na 19, sunan da ya fi saurin zuwa baki shi ne na Buhari, wanda ya yi wa Sakkwato tawaye, sai kuma na Muhammadu Mai Shahada, wanda ya gwabza da Turawa a cikin 1906. Malam Sambo, mahaifin Buhari, ba a cika tsayawa a kansa ba, alhali kuwa shi ne ya mayar da Haɗeja babban birnin masarauta, kuma duk sarakunan da suka biyo baya zuriyarsa ne. Abin da wannan maƙala za ta fi mai da hankali a kai shi ne shawarar da ya yanke ta barin sansanin makiyaya a Rinde ya shiga gari mai ganuwa, da irin nauyin da wannan ƙaura ta ɗora masa, shi da mutanensa.

Ƙasar da ya taso a cikinta

Ƙasar Haɗeja tana gabas maso arewa da Kano, a inda ƙasar noma ta fara sallamawa ga rairayi. Ruwan sama ba shi da yawa, damina kuma gajeriya ce, daga wajen watan Yuni zuwa Satumba. Arewa da garin, wajen Birniwa da Machina, tudun rairayi ne da ƙayoyi, ga iskar hunturu mai ƙura. Abin da ya raba wannan ƙasa da sauran ƙasashen bakin hamada shi ne kogi. Kogin Kano da na Chalawa su ne ke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja. Da ya iso wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa sai gudunsa ya ragu, ya rarrabu rassa-rassa, ya malale fadamu, kafin ruwansa ya gamu da na Kogin Jama'are su zama Komadugu Yobe, wanda ke zubawa a Tafkin Chadi. Saboda haka manomi yana samun shinkafa da damina, masunci yana samun kifi in ruwa ya fara janyewa, makiyayi kuma yana samun ɗanyar ciyawa da rani, lokacin da ko'ina ya bushe.

Kafin jihadi babu wata masarauta guda mai suna Haɗeja da ta mallaki wannan yanki. Ƙananan sarautu ne guda 7: Auyo, Haɗeja, Garun Gabas, Gatarwa, Kazura, Fagi da Dawa, dukkansu kuwa suna biyayya ga Barno ta hannun Galadima da ke zaune a Nguru. Auyo ce ta fi su girma da daɗewar suna, Garun Gabas kuma ita ce ake dangantawa da Biram ta cikin Hausa Bakwai. Ita Haɗeja a lokacin ƙaramin gari ne. Labarin gargajiya ya nuna cewa wani maharbi mai suna Haɗe da matarsa Jiya ne suka kafa ta, sunayensu ne aka gama aka sami sunan garin.

Ciyawar fadamun nan ita ta jawo Fulani makiyaya. Daga cikinsu akwai Arɗo Abdure, wanda bisa ga ruwayar mutanen Haɗeja ya gangaro da jama'arsa daga wajen Machina. Shi ne mahaifin Umaru da Sambo, wanda ake yi wa laƙabi da Sambo Digimsa. Sarkin Haɗeja na Haɓe, Abubakar, shi ya naɗa Umaru Sarkin Fulani wajen ƙarshen ƙarni na 18, wato ke nan gidan ya riga ya sami matsayi tun kafin a ɗaga tutar jihadi.

Tuta da yaƙi

Da labarin hijirar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta 1804 da nasarar Tafkin Kwatto ya iso gabas, sai Umaru ya tura ƙanensa Sambo ya je ya yi mubaya'a ya karɓo tuta. Wannan aike ya nuna irin amincewar da wan ya yi wa ƙanen, ya kuma sa Sambo ya zama sananne ga shugabannin jihadi tun da wuri. Daga 1805 aka shiga fafatawa. Ƙananan sarautun nan suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, wasu da yaƙi, wasu da sallamawa. Ɗan'uwansu Laraima, wanda daga baya ya zauna a Marma, ya taka rawa wajen karya ƙarfin Galadima a Nguru. A kudu Malam Ibrahim Zaki yana kafa abin da ya zama Katagum, can gabas kuma Gwani Muktar ya ci Birnin Gazargamu a cikin 1808, ko da yake Shehu Muhammadu El-Kanemi bai bar birnin ya daɗe a hannun masu jihadi ba.

A wannan shekara ta 1808 Umaru ya rasu. Ɗansa Mamman Kankiya ya gaje shi, amma bai cika shekara ba shi ma ya rasu. Daga nan sarauta ta faɗo hannun Sambo.

Barin Rinde

Har zuwa wannan lokaci mazaunin shugabancin Fulanin yana Rinde ne, wani wuri da ba shi da nisa da garin Haɗeja. Zama ne irin na makiyaya: bukkoki da garke, da saukin tashi in hali ya yi. Wajen 1810 Sambo ya kwashe jama'arsa ya shiga Haɗeja, ya mai da ita gidan sarauta. Gidan sarautar Haɓe ya koma Fantai, a bakin gari, wadda yanzu unguwa ce a cikin Haɗeja.

Mai karatu na iya ɗaukar wannan ƙaura a matsayin abu mai sauƙi, tun da tafiyar ba ta da tsawo. Ba haka ba ne. Bafillatanin daji dukiyarsa tana kan ƙafa huɗu, kariyarsa kuwa ita ce iya tashi da dare ya bar wuri. Ran da ya shiga bayan ganuwa ya sayar da wannan 'yanci. Dole ya nemi mai kiwon shanunsa a waje, dole ya dogara ga hatsin da manomi zai kawo, dole ya zauna kafaɗa da kafaɗa da mutanen da jiya-jiya su ne masu gari shi kuwa baƙo mai biyan jangali. Su ma mutanen gari ba ƙaramin abu ne ya same su ba, domin ƙaramin garinsu ya wayi gari cike da mayaƙa da dawaki da barori, kowa yana neman fili da rijiya.

To, me ya sa Sambo ya zaɓi wannan hanya? Dalili na farko tsaro ne. Haɗeja ita ce bakin iyakar daular Sakkwato ta gabas maso arewa. Barno ta farfaɗo a hannun El-Kanemi, Gumel da Machina suna tare da Barno, ƙasar Bade kuma ba ta sallama ba. Sansanin da ba shi da ganuwa ba zai jure wa mahayan Barno ba. Dalili na biyu shi ne mulki irin wanda jihadi ya zo da shi mulkin gari ne: yana bukatar masallacin Juma'a, da alƙali mai mazauni sananne, da kasuwa, da baitulmali. Ba a yin waɗannan a ruga. Shi ya sa in aka duba za a ga shekarun nan shekarun gina birane ne a ko'ina: Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato a cikin 1809, Yakubu ya gina Bauci, Malam Zaki ya gina Katagum, shi kansa El-Kanemi ya gina Kukawa a cikin 1814. Bello kuwa, bayan ya zama Sarkin Musulmi a cikin 1817, ya dage ƙwarai a kan zaunar da makiyaya a garuruwan ribaɗi da koya musu noma da sana'a. Sambo ya riga ya aikata wannan a Haɗeja tun kafin ta zama siyasar daula.

Abin da ya bambanta shi da waɗancan shi ne bai sari daji ya kafa sabon gari ba, tsohon gari ya shiga. Kuma bai zaɓi Auyo ba, duk da girmanta da tarihinta. Ana iya cewa hikima ce: gari mai tsohuwar sarauta mai ƙarfi yana da wuyar juyawa, ƙaramin gari kuwa sabon sarki na iya sāke masa fasali yadda yake so.

Faɗaɗa gari

Aikin farko da ya sa a gaba shi ne faɗaɗa ganuwa, domin tsohuwar ba za ta ɗauki jama'ar da ta ƙaru ba. Ya gina fada, ya gina masallacin Juma'a, ya naɗa masu sarauta, ya jawo malamai da 'yan kasuwa da masu sana'a. Gina ganuwa ba aikin shekara guda ba ne. Aikin gayya ne da ake yi da rani, a kwaɓa ƙasa a ɗora, damina ta zo ta zaizaye wani sashe, a sāke gyarawa. Ramukan da aka haƙi ƙasar su ne ke zama kududdufai, su tara ruwan sama su rage wa gari ambaliya, su kuma shayar da dabbobi. Haka nan al'adar biranen Hausa ce a bar fili a cikin ganuwa wanda ba a gina ba, don noma da ɗaure dabbobi in an kewaye gari da yaƙi, da kuma saukar mutanen ƙauye in sun gudo. Wato mai gina ganuwa dole ya yi lissafin mutanen da ba su zo ba tukuna.

Matsalar Haɗeja ta musamman ita ce garin yana tsakanin abu biyu masu wuyar sha'ani. Ta kudu kogi ne da fadama, inda ba a gini sai ruwa ya ci. Ta arewa tudu ne mai rairayi, inda ruwa ke wuya. Girman gari yana nufin ƙarin itacen girki da za a saro daga dajin da ba shi da kauri, da ƙarin gonaki a fadamar da makiyaya ke jira da rani. Sarkin da ya fito daga gidan makiyaya, ya kuma zama sarkin manoma da masunta, shi ne ke raba wannan gardama, kuma kowane ɓangare yana da hujja. Garin ya ci gajiyar matsayinsa a kan hanyar fatake tsakanin Kano da Barno, inda kanwa da gishirin Manga ke bi su yi yamma, tufafin Kano su yi gabas, ga kuma busasshen kifi na ƙasar kanta. Tasirin Barno bai gushe ba, har yau ana kiran mai unguwa ko dagacin ƙaramin ƙauye Bulama a ƙasar Haɗeja.

Yana da kyau a ɗan tsaya a nan a dubi yadda wannan lissafi ya kasance daga baya. Da jirgin ƙasa ya tashi daga Kano ya isa Nguru wajen 1930, bai bi ta Haɗeja ba, ta Malam Madori ya bi, cinikin gyaɗa ya koma can. Madatsar ruwa ta Tiga da aka gama a cikin 1974, da ta Chalawa a cikin 1992, sun sauya yadda ruwa ke zuwa: malalar damina ta ragu a wasu wurare, ruwa ya riƙa kwanciya duk shekara a wasu, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Bayan an ƙirƙiro Jihar Jigawa a cikin 1991 garin ya ƙara cika, gine-gine suka tsallake inda ganuwa take, aka cike kududdufai da dama aka yi gidaje a kansu. A damunar 2020 da ta 2022 mutanen gari sun kwana a kan jinga suna jera buhunan ƙasa don kada kogi ya shigo. Filin da magabata suka bari ba a gina ba, ba don rashin mutane kaɗai suka bar shi ba.

Sauran zamaninsa

Ganuwar ta yi ranarta. A cikin 1826 zuwa 1827 El-Kanemi ya taso da runduna mai yawa ya nufo yamma har ya yi kusa da Kano, kafin Sarkin Bauci Yakubu ya tare shi a Fake. Masarautun iyaka sun sha wuya a wannan yaƙi, amma Haɗeja ba ta koma hannun Barno ba. Tsakaninta da Gumel kuwa hare-hare ba su yanke ba har ƙarshen zamanin Sambo da bayansa.

Sambo ya yi shekara 37 a kan gado. A cikin 1845, da tsufa ya kama shi, ya yi murabus ya naɗa ɗansa Garko. Wannan dabara ce ta mai son ya ga gadon ya zauna tun yana da rai, sai dai ƙaddara ba ta bi shirinsa ba. Garko ya rasu a cikin 1847. Aka naɗa wani ɗan nasa, Abdulƙadir, shi ma ya rasu cikin 'yan watanni. Tsohon ya sāke komawa kan gado na ɗan lokaci a cikin 1848, a shekarar kuma ya rasu.

Ahmadu ne ɗan da ya so ya gaje shi, amma Buhari ya riga shi hawa. Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tuɓe Buhari wajen 1850 aka naɗa Ahmadu, Buhari ya dawo da ƙarfi a cikin 1851 ya ƙwace garin, Ahmadu ya rasa ransa. A cikin 1853 Buhari ya fatattaki rundunar da Sakkwato ta haɗo a Kaffur, daga baya ya haɗiye Marma, ya yi ta kai hari ƙasar Kano da Katagum har ya mutu a yaƙin Gogaram, ƙasar Bade, a cikin 1863. Birnin da Sambo ya ƙarfafa don tsare iyakar daula shi ne ya zama mafakar mai yi mata tawaye har shekara 12. Sarakunan baya sun ƙara wa ganuwar faɗi da kauri, ita ce kuma rundunar Turawa ta tarar ran 25 ga Afrilu, 1906, ranar da Sarki Muhammadu, jikan Sambo, ya yi shahada a cikin garin tare da manyan fadawansa.